Warantin Kama Nasidi

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Wata 'yar'uwa daga Zurmi har ta rantse in Azumi ba ta motsa a wannan shafin ba, za ta daina karantawa. To ga ta nan ta motsa.

Ku da kuka same mu a hanya: Nasidi mahauci ne a Kasuwar Daji. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara aka ga fatar wata saniyar sata a rumfarsa, kotu ta neme shi, ya tsallaka Nijar. Damina biyu ke nan matarsa Azumi na zaune da yara ita kaɗai.

*

Tun da aka share makokin Inna, uwar mijinta, zuciyar Azumi ta ƙi kwanciya. Tsohuwar ta cika tana tambayar ko Nasidi ya iso. Bai iso ba. Ko kabarinta bai gani ba.

Ranar Litinin da hantsi ta bar wa maƙwabciya yara, ta zura hijabi, ta tsaya bakin titi har motar mata ta zo. Ba ta gaya wa kowa inda za ta ba.

A ƙofar kotun Shari'a ta Ƙaura ta ja ta tsaya. Mutane na zazzaune a gindin dogonyaro, kowa da abin da ya kawo shi. Ga ɗan sanda a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Ganin kakinsa kawai ya sa ta fara ja da baya.

Sai ta tuna 'yarta Firdausi, ranar da ta dawo daga Islamiyya tana kuka wai an ce mata ɗiyar ɓarawo.

Ta yi bismillah ta shiga.

Wata mata ta nuna mata ofishin magatakarda. Malam Faruku ne, dattijo mai furfura a gemu, yana fifita da kwali don an ɗauke wuta.

"Malama, ƙara kinka kawo?"

"A'a, Malam. Tambaya gare ni." Ta durƙusa daga gefen ƙofa. "Amma don Allah, in na tambaya ba a riƙe ni?"

"A riƙe ki kan mi? Tambaya ba laifi ba ce. Tashi ki zauna bisa benci."

Ta zauna a ƙarshen bencin kamar mai shirin gudu.

"Maganar maigidana ce. Nasidi Gado, mahauci, Kasuwar Daji. So nika in san mi ke kansa."

Malam Faruku ya ajiye kwalin. Ya miƙe ya jawo wani babban littafi daga kanta, ya kaɗe shi, ya dinga buɗawa yana bi da yatsa.

"Ga shi. Akwai waranti kansa. Alƙali ya ba da umarni duk inda anka gan shi a kamo shi."

Ta dafe bencin da hannu biyu.

"Na hannun ne ke nan?"

"Wane hannu?"

"An ce ranar da duk yat taka garin ga za a yanke mai hannu."

Dattijon ya ɗago ya dube ta sosai.

"Wa yac ce miki haka?"

"Haka kowa ke faɗi."

"Kowa alƙali ne?" Ya rufe littafin. "Saurara, ɗiyata. Mijinki ba shi anka tuhuma ba. Mai saniyar wani makiyayi ne, Jaji, daga yankin Zurmi. Da bakinsa yac ce bai zargin mahaucin, don a fili yay yanka ta, ya shanya fatar gaban rumfa kowa na gani. Shaida anka kira mijinki. Zaman farko ya zo, anka ɗage, anka ce ya dawo ya faɗi wanda yas sayar mai da ita. Bai dawo ba."

"Shaida?"

"Shaida. An aika sammaci, shiru. An ƙara aikawa, shiru. In kotu ta kira mutum ya ƙi zuwa, alƙali na da ikon sa a kamo shi. Abin da ke kan mijinki ke nan. Ƙin amsa kira."

Azumi ta ƙirga a ranta. Damina biyu. Ta yi surfen gidajen mutane, ta yi wankau, ta haifi autansu uban bai nan. Duk a kan ƙin amsa kira.

Hawaye suka zubo mata ba ta sani ba.

"Malam, to yaya ake kashe shi? Wanga warantin?"

"Da ƙafarsa. Ya zo da kansa tun ɗan sanda bai riga ya kawo shi ba. Ya same ni da safe, in shigar da shi gaban alƙali, ya faɗi uzurinsa, ya ba kotu haƙuri. In ya zo da dattijo guda da zai tsaya mai, ya fi kyau. Ban isa in yi miki alkawari da bakin alƙali ba. Amma abin da na saba gani, wanda yak kawo kansa akan janye mai."

"Shi ke nan?"

"Sai tambayar da ya gudu ya bari. Tana nan tana jiransa. Jaji har gobe yakan leƙo, in ya zo cin kasuwa. Yac ce saniya dai an cinye, amma shina son ya san wa."

Ta share fuska da gefen hijabi. Har ta miƙe, sai ta juyo.

"Malam, sammacin da anka riƙa aikawa, ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Wa ke karɓa?"

"Masinjanmu yac ce wansa yake ba wa. Wani dogo haka."

"Sunansa ke nan," ta ce a hankali. "Dogo."

*

Ba ta biya gida ba. Daga mota gidan Dogo ta nufa.

Ta same shi a zaure yana tufka igiya. Dogo shi ne babban wan Nasidi, shi ne uban gidan tun rasuwar mahaifinsu. Shi ne ya zo mata ranar da Nasidi ya ɓace, ya ce ta yi haƙuri, an ce hannu za a yanke, gara ya yi nisa.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau. Daga ina haka da rana tsaka?"

"Daga kotu."

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Kotu? Wa yab ba ki izini?"

"Wanda zai ba ni izinin shina Nijar, Yaya."

Ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ta gidan. Shi ma ya ji hakan. Ya leƙa waje, ya kori yaran da ke wasa a ƙofa, ya dawo.

"Zauna."

"Ba zama niz zo ba. Magatakarda ya duba mini. Shaida anka kira Baban Firdausi. Ba wanda yac ce za a taɓa hannunsa. Kuma sammacin duk kai ke karɓa." Ta matso kusa da shi. "Mi yay yi maka, Yaya? Ƙanenka ne, ciki ɗaya. Ka tsorata shi da ƙarya, ya bar gidansa, ya bar sana'arsa. Inna ta mutu tana kiran sunansa kana zaune gefenta!"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ban yi wa Nasidi ƙarya ba," ya ce. "Ke anka yi wa."

"Ban gane ba."

"Nasidi ya san shaida anka kira shi. Ya san ba abin da za a yi mai. Ba don kansa yag gudu ba."

"To don wa?"

Dogo ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Safwan."

Sai a lokacin Azumi ta zauna.

Safwan ɗan Dogo ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, daidai lokacin da aka kawo Azumi amarya. A ɗakinta ya tashi. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda.

"Safwan da na goya?"

"Shi." Dogo ya goge fuska da tafin hannu. "Garken Fulani ne yaw wuce, saniya ɗaya ta ware ta faɗa gonarmu. Ta yi ɓarna cikin dawa, ɓarna ba kaɗan ba. Yaron ya ji haushi ya ɗaure ta cikin kwari, wai sai mai ita ya zo an yi magana. Kwana da kwanaki ba wanda yaz zo. Shaiɗan ya shiga kansa. Ya ja ta ya kai wa baffansa, yac ce ta abokinsa ce."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ni ban sani ba sai da kotu ta kira Nasidi. Kin tuna lokacin. Ko'ina ka juya, rediyo, majalisa, ba a magana sai ta mutumin da anka yanke wa hannu kan saniya. Nasidi ya dawo daga zaman farko ya same ni nan, inda kike zaune. Yac ce, Yaya, in anka ɗora mini Alƙur'ani ba ni iya ƙarya, kuma ba ni iya kallon yaron ga da dungun hannu. Gara in ɓace."

"Ni fa? Mi yas sa ba a gaya mini ba?"

"Shi yah hana. Yac ce ba ki iya ɗaukar wagga magana ki yi shiru."

Azumi ta yi wata irin dariya da ba ta daɗi ba.

"Amma ina iya ɗaukar a kira ni matar ɓarawo."

Nan take abubuwa suka dinga dawo mata. Yadda Safwan ya daina shiga ɗakinta. Yadda da kaka take tarar da dammunan gero a ƙofarta ba sallama. Yadda in sun haɗu a hanya yake sauya kwana. Ita duk ta ɗauka girma ne ya zo masa da kunya.

Dogo ya sauko daga kan buzunsa. Babban mutum, mai jikoki, ya durƙusa a gaban matar ƙanensa.

"Azumi, ki rufa mini asiri. Shi kaɗai uwarsa ta bar mini."

"Tashi, Yaya, don Allah. Kar wani ya shigo."

"Ki bar maganar ga inda take."

"Nawa ɗiyan fa? Autana bai san fuskar ubansa ba. Firdausi ta ƙi Islamiyya." Ta miƙe. "Ban ƙi Safwan ba, Allah shaida. Amma saniyar da ta kawo kanta gona, ku da kanku kunka yanke hukuncin tun alƙali bai ji ba. Ranar Alhamis zan tafi Shinkafi."

Tana fitowa daga zauren ta kusa yin karo da mutum.

Safwan ne. Fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Da gani ya daɗe a tsaye a wurin.

"Inna Azumi..."

Ta dube shi. Ya rame, ya yi baƙi, kamar ba saurayi mai tashe ba.

Ta so ta yi masa faɗa. Ta so kuma ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ta wuce abinta.

*

Alhamis ce ranar kasuwar Shinkafi. Direban da kan kawo mata saƙon Nasidi ya taɓa suɓutar baki ya ce mata mijinta yakan biyo masu koro dabbobi daga Nijar, ya laɓe a bayan kara, inda ake cinikin shanu, kafin la'asar ya koma.

Ta ratsa 'yan hatsi, ta ratsa 'yan gishiri da kanwa, ta isa inda kukan shanu ke tashi. Mata ba su cika zuwa wurin ba, ana ta kallonta. Ba ta kula ba.

A gindin wata bagaruwa ta hange shi. Ya naɗe fuska da rawani irin na Buzaye, yana ba wani bijimi ruwa. Ko da ya rufe duk jikinsa ta san wannan tsayuwar.

"Baban Firdausi."

Bokitin ya faɗi.

Ya juyo, ya waiga hagu da dama, ya yafito ta suka zagaya bayan wata babbar mota.

"Azumi? Wa yar rasu kuma?"

"Ba kowa. Na je kotu."

"Kin je ina?"

"Na je kotu. Na je wurin Yaya. Ya gaya mini."

Nasidi ya sauke rawanin daga fuskarsa. Sai ta ga furfura a sajensa, wadda bai tafi da ita ba. Ya zauna a kan wani dutse kamar an tura shi.

Duk hanya ta shirya maganganu masu zafi. Da ta ga wuyansa ya zama siriri, ta neme su ta rasa.

"Ban ce ka yi laifi da ka ji tausayin yaron ba," ta ce. "Ni ma ɗana ne. Amma ka bar ni ina kwana ina tashi da tunanin ko da gaske ka yi satar."

Ya ɗago da sauri.

"Kin taɓa yarda?"

Ta kawar da kai.

"Azumi, kin taɓa yarda na yi?"

"Wata rana na yarda. Nac ce in bai yi ba mi zai sa ya gudu."

Ya rufe fuska da hannuwansa. Can wani dillali ke ta rantsuwa a kan bijimi, ana ta hayaniya, su ba su ji.

"Inna fa?" ya tambaya daga cikin tafin hannunsa. "Ta sha wuya?"

"Ba ta daɗe ba. In an yi sallama a ƙofa sai ta ce a duba ko kai ne."

Kuka ya ƙwace masa. Azumi ta juya baya ta tare shi da hijabinta kar masu wucewa su gani.

Da ya lafa ta durƙusa kusa da shi.

"Magatakarda yac ce in ka kai kanka, ka ba da haƙuri, akan janye warantin. Ba dole sai an kamo ka ba."

"Na sani. Tambayar wanda yas sayar mini ce matsalar."

"To har yaushe? Can Nijar kana gudun jandarma, nan kana gudun ɗan sanda. Kai ba ka zauna ba, shi yaron bai zauna ba. Ka gan shi kuwa? Ya fi ka ramewa."

"Safwan?"

"Ko ido bai iya haɗawa da ni. Abin da kunka yi don ku tsirar da shi, shi ke cinsa."

Nasidi ya juyo ya dube ta.

"Mi anka sa wa jaririn?" ya ce. "Saƙo ya zo mini Mubashir. Da wa yay yi kama?"

"Ya daina zama jariri. Shina tafiya. Ka zo ka gani da idonka."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Zan je. Zan tsaya gaban alƙali a cire mini wanga waranti. Amma ki ji da kyau, sunan yaron ba zai fito bakina ba."

"In anka matsa maka fa?"

"Sai abin da Allah yay yi."

A motar hatsi ya dawo, ita a motar mata. Bai shiga gida ba sai da ya biya maƙabarta.

*

Washegari Azumi ta koma ta shaida wa Malam Faruku. Ya ce su zo Litinin, zai tura masinja Zurmi a kira Jaji.

Dogo bai ƙara roƙonta ba. Ya ce shi zai tsaya wa ƙanensa. Amma ranar Litinin tun da sassafe ya saka Safwan a motar Gusau, ya ce ya je wurin kawunsa kar ya dawo sai an neme shi.

Kotu ta cika. Azumi na ɓangaren mata, Mubashir a bayanta. Daga gaba ga wani farin dattijo siriri, malfa a kan gwiwa, sandarsa an karɓe a ƙofa. Jaji ke nan.

Malam Faruku ya kira suna.

"Nasidi Gado!"

Nasidi ya fito ya durƙusa.

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne kotu ke nema tun bara waccan?"

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"Kamo ka anka yi?"

"Da ƙafata niz zo."

"An kira ka shaida ka ƙi zuwa. Mi yah hana ka?"

"Tsoro, Allah ya gafarta Malam. Na yi kuskure. Ina ba kotu haƙuri."

"Kiran kotu ba hukunci ba ne. Da ka zo tun farko da yanzu an manta da maganar. Ka wahalar da kanka, ka wahalar da iyalinka, ka bar bawan Allah ga shina ta zarya daga Zurmi." Ya juya. "Wa ke tsaya mai?"

Dogo ya miƙe.

"Ni, wansa."

Alƙali ya yi rubutu. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar alƙalami.

"Tunda ka kawo kanka, kuma ka amsa kuskurenka, kotu ta janye warantin da ke kanka. Daga yau ba mai kama ka a kan wagga magana."

Azumi ta saki numfashi. Ta sa hannu baya ta dafa ƙafar Mubashir. Wata tsohuwa da ke gefenta, wadda ba ta ma san ta ba, ta ce mata barka.

"Saura abin da anka kira ka dominsa," in ji alƙali. "Saniyar Jaji, wa yas sayar maka da ita?"

Nasidi ya sunkuyar da kai.

"Ba ka ji ba?"

"Na ji, Allah ya gafarta Malam."

"Ka manta shi ne?"

"Ban manta ba."

"To faɗi."

"Ba ni iyawa."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Ɗan sanda ya tsawatar.

Alƙali ya cire tabarau ya ajiye.

"Nasidi, ka fahimci inda kake sa kanka? A rumfarka anka ga fata. Mai ita ya wanke ka don ya ɗauka saye kay yi. In ka ɓoye wanda yas sayar, dole kotu ta sake duban matsayinka. Yanzu nic cire maka abu guda, kar ka jawo wanda yaf fi shi."

Azumi ta gyara goyonta. Ta ƙura wa ƙeyar mijinta ido. Bai motsa ba.

"Zan ƙara tambayarka. Wa..."

"Ni ne!"

Kowa ya juya.

Dogo ne a tsaye, hularsa a hannu.

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Ni nik kama ta a gonata, ni nik kai mai. Bai san komi ba. A yi mini abin da Shari'a tac ce."

"Yaya!" Nasidi ya juyo. "Yaya, kar ka..."

"Yi shiru. Ka ɗauki naka ya isa."

Alƙali ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Dattijo, ka san nauyin abin da kake faɗi?"

"Na sani."

Sai Jaji ya yi gyaran murya. Ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa.

"Alƙali, a ba ni izini."

"Faɗi, Jaji."

"Wanga mutum ba shi ba ne."

Dogo ya juyo a firgice.

"Ina yawon nemanta na hange ta a ƙetaren gulbi, ana janta," in ji Jaji. "Ruwa ya kawo, ban samu ƙetarewa ba. Na yi kira, iska ta ɗauke. Ban ga fuska ba, ba ni faɗin abin da ban gani ba. Amma mai janta saurayi ne. Tafiyar yaro daban, ta tsoho daban." Ya dubi Dogo, muryarsa ta yi laushi. "Ni ma uba ne, Malam. Na san abin da kake yi. Amma ban zo nan don a ba ni tsoho a madadin gaskiya ba."

Hular ta faɗi daga hannun Dogo.

Alƙali ya jingina da kujera.

"Ɗaya ya ƙi magana, ɗaya ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Ku biyun ga, wa kuke karewa?"



Daga bakin ƙofa aka ji muryar ɗan sanda.

"Kai! Ina za ka? Ana zama!"

Azumi ta waiga.

Safwan ne. Jakar tafiyar Gusau na rataye a kafaɗarsa, rigarsa ta jiƙe da zufa kamar wanda ya yi gudu daga tasha.

"Koma!" Dogo ya daka masa tsawa, muryarsa na karyewa. "Nac ce ka koma!"

Safwan ya sauke jakar. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su a gefen ƙofa. Ya ratso tsakiyar mutane har gaban alƙali, ya durƙusa kusa da baffansa.

"Baba, zauna," ya ce. "Ya isa haka."